Karin harshen gida ko daidaitacciyar Hausa: wanne za ka yi talla da shi?

Matasa masu tallan hatsi da dabbobi ta waya a ƙauyukan Jigawa sun sha tambayata wace Hausa za su riƙa yi wa masu saye: ta gida ko ta rediyo?

Ta fuskar isa nesa, daidaitacciyar Hausa ta yi gaba. A kan Kananci aka gina ta, da ita jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fita a 1939, ita ake koyarwa a makaranta. Mu nan mun ci sa'a, don maganarmu ba ta yi mata nisa ba.

Ta gida kuwa tana jawo yarda. Dillalin da ya ji harshen Gumel ko Haɗejiya a bakinka ya san ɗan gida ne, ciniki ba ya yin tsauri.

Haɗarin yana wajen sunayen kaya. Abin da muke kira gyaɗa, Basakkwace gujiya yake ce masa, alhali a Kano gurjiya wani amfanin gona ne dabam, wanda Sakkwatawa ke kira kwaruru. Barkononmu ma a Sakkwato tonka ne. Ka ɗauka an loda buhuna daga kasuwar hatsi ta Dawanau kan kuskuren kalma ɗaya, wa zai biya kuɗin mota? Shi ya sa na fi son a haɗa da hoto.

Wahalar koyon daidaitacciyar ba wata mai yawa ba ce, sauraron labarai ya isa.

Mai sayarwa a kasuwar ƙauyensu ko Maigatari ran Alhamis, ya riƙe harshensa. Mai neman abokan ciniki daga Sakkwato, Zariya ko Maraɗi, daidaitacciya ta fi masa.