Katin yawon buɗe ido a Landan: lissafin da na yi wa Yaya

Yaya, kin tambaye ni ko ku sayi katin nan na yawon buɗe ido kafin ku iso Landan bikin kammala karatun ɗanmu. Na zauna da biro da takarda na yi lissafi, shawarata ku bar shi.

Katin dai kuɗi ake biya a dunƙule, na kwana ɗaya, biyu ko uku, sai a riƙa nuna shi a waya ana shiga wuraren da ake biya. Amma kwanakin a jere suke. Da zarar kin shiga wuri na farko an fara ƙirga miki, ko da washegari an wuni ana ruwa. Kafin ya mayar da kuɗinsa sai kin leƙa wuri uku a yini. Ina Baba zai iya wannan da ciwon gwiwarsa? Ga yara, ga salla, ga cin abinci. A Disamba kuwa kafin ƙarfe 4 rana ta faɗi.

Sannan manyan gidajen tarihin garin nan ko sisi ba a karɓa a ƙofa. British Museum, wanda aka buɗe tun 1759, kyauta ne. Ku sauka ɗakin Afirka da ke ƙasa, ku ga allunan tagullar masarautar Benin da sojojin Birtaniya suka kwaso a 1897, an jera su a jikin sanduna har sama da kai. Ranar da na fara ganinsu na daɗe tsaye, zuciyata ba daɗi. A Gidan Makama ma ai sai mun yanki tikiti, nan kuwa jaka kawai za a duba. Yara kuma ki kai su Natural History Museum, su ga ƙashin ƙatuwar dabbar tekun nan da ake kira whale rataye a saman zaure.

Inda nake ganin ya cancanci kuɗinku shi ne Tower of London, fam talatin da 'yan kai ga babba, saboda kambunan sarauta da gwala-gwalansu. Ku sayi tikitinsa shi kaɗai.

Zirga-zirga kuwa katin banki ya wadatar. A taɓa shi a bas ko jirgin ƙarƙashin ƙasa, akwai iyakar da ba za a wuce ba a yini, kuma yaro ƙasa da shekara 11 ba ya biya idan yana tare da babba.

Abin da ya rage ki riƙe shi. Na san sai mun wuni a Liverpool Street wajen masu leshi da atamfa.