Maganar fili a Kumasi: fada za ka nufa, ko lauya, ko hukuma?

Gidajen Aboabo da Sabon Zongo da Asawase sun cika maƙil, shi ya sa duk wanda Allah ya buɗa wa yanzu idonsa na bayan gari, wajen Kenyasi ko Parkoso ko hanyar Antoa. Yawancin rigimar filin da ke cinye dukiyar mutanenmu kuwa tushenta ɗaya ne: mutum ya zube kuɗi kafin ya san wa ke da ikon ba shi wurin. Masu taimako suna nan da yawa, amma kowa da iyakar aikinsa.

Da farko ka san abin da kake saye. Kusan kashi 80 cikin 100 na ƙasar Gana tana hannun sarakuna da dangogi ne, kuma yawancin filayen Kumasi na kujerar sarautar Asante ne. Tsarin mulkin 1992, a sashe na 267, ya ce sarki riƙon amana yake yi wa jama'arsa, ya kuma hana a ba kowa irin wannan ƙasa mallakar har abada. Abin da za ka samu haya ce mai dogon zango, galibi shekara 99 idan gidan zama ne. Wanda ba ɗan ƙasa ba kuwa, sashe na 266 ya tsayar masa da shekara 50, kuma wannan ya shafi 'yan'uwanmu masu riƙe da takardun Nijar ko Najeriya. Duk mai ce maka "na sayar maka har jikokin jikokinka", ko bai san doka ba ko yana so ya cuce ka.

Dillali aikinsa ya nuna maka wuri ya karɓi la'adarsa. Ya wuce nan, kada ka ɗora masa komai, ko da tare kuke sallah.

Sarkin zongo da limamai da dattawan unguwa su ne na farko da zuciya ke kai mu gare su, kuma suna da ranarsu. Idan rigimar gidan gado ce tsakanin 'yan uba, ko maƙwabci ya ci maka iyaka da katanga, zama a gabansu ya fi sauri, ya fi sauƙi, kuma zumunci ba ya yankewa. Sai dai ƙasar ba tasu ba ce. Sa hannun mai unguwa shaida ne kawai cewa an yi magana a gabansa. Idan an sasanta, a rubuta, kowa ya sa hannu, a kai wa lauya ya duba.

Fada ita ce wurin da ya kamata a tsaya a yi bayani. A ƙasar Asante, sarkin garin da filin yake shi ke ba da takardar farko, wadda kowa ke kira alokeshan, tare da taswirar wurin, bayan ka biya abin da suke kira kuɗin sha, wanda a yau kuɗin fili ne sosai. Mutane da yawa a nan suke tsayawa. Su ninke takardar su sa a leda su jefa ƙarƙashin akwati, su sauke tifar yashi ɗaya da bulo ɗari biyu, su ce sun mallaka. Alokeshan matakin farko ne kurum. Galibi tana ɗauke da sharaɗin fara gini cikin wa'adi, kuma idan wa'adin ya wuce fili na nan ciyawa, sarki na iya karɓe abinsa. Sai an kai ta ofishin filaye na Asantehene, babban sarkin Asante, a fadarsa ta Manhyia an tabbatar, sannan a shirya takardar haya ta gaske. Amfanin Manhyia shi ne sun san wane sarki ke riƙe da wane yanki, abin da baƙo ba zai gane ba, musamman inda ake jayayyar sarauta mutum biyu kowa na raba fili. Dokar Filaye ta 2020 ta ma wajabta wa masu ƙasa su kafa irin waɗannan ofisoshi su ajiye rajistar abin da suka bayar. Idan rigima ta taso, fada na yin sulhu na al'ada, amma ka sani idan ka amince ka shiga da yardarka, hukuncin ya hau kanka. Ba a janyewa don an ga za a sha kaye. Kuma idan sarkin da ya ba ka filin ne abokin rigimarka, kada ka je kai kaɗai. Ka tafi da mai jin Tuwi, yaren Asante, sosai, wanda ya san ladabin fada.

Safiyo kuwa, wato mai awon fili, ka ɗauki naka, mai lasisi, kada ka dogara da taswirar mai sayarwa. Ka bi shi har wurin da ƙafarka, ka ga ya dafa kowane ginshiƙin sumunti na kusurwa huɗu ya ɗauki awo. Da wannan taswirar za ka je Hukumar Filaye a yi maka bincike, a ga ko an riga an yi wa wani rajista a wurin, ko gwamnati ta karɓe shi, ko akwai hukuncin kotu a kansa. Hukumar tana da jan ƙafa, kowa ya sani, kuma bincikenta ba ya nuna cinikin da ba a kai mata ba, don haka ka tambayi maƙwabtan filin ma. Duk da haka kuɗin bincike bai kai komai ba idan ka auna shi da kuɗin fili.

A ganina lauya ne wanda muka fi yi wa rowa, alhali shi ya fi cancantar kuɗinmu. Dokar 2020 ta ce lauya ne kaɗai zai rubuta takardar miƙa fili, wadda ake kira indenca, don haka wadda aka buga a shagon kwamfuta ba abin dogaro ba ce. Shi zai lura da abin da kai ba za ka lura ba: idan mai sayarwa ya sayi filin ne a cikin aure, doka na neman yardar matarsa a rubuce, idan gidan gado ne, sai magada sun samo takardar kotu ta kula da gadon kafin su sayar. Ka tambaye shi kuɗinsa tun farko, a rubuce, ka kuma tabbatar ba shi ke yi wa mai sayarwa aiki ba. Wanda ba shi da hali, akwai Hukumar Taimakon Shari'a, wadda dokar 2018 ta kafa, tana da ofis a Kumasi kuma tana yin sulhu. Layi na da tsawo, amma gwauruwar da ake nema a kora daga gidan mijinta ta fara da can.

Kotu ta zama ta ƙarshe, don shari'ar fili na cin shekaru. Amma kada haƙuri ya yi yawa: dokar wa'adin shigar da ƙara ta 1972 ta ba da shekara 12 ne kawai, idan wani ya zauna a filinka a fili kana kallo har wa'adin ya cika, haƙƙinka na ƙara ya faɗi. 'Yan daba masu gadin fili kuwa, langad, kada ma ka fara. Mai ɗaukar su da su kansu, ɗaurin shekara 5 zuwa 15 doka ta tanadar.

Idan kuɗinka ba zai kai ga duka ba, ka rage girman filin ko ka ƙara nisa da gari, ka ware na safiyo da na bincike da na lauya tun kafin ka je gaban sarki. Kuɗin filin kuma ka biya ta banki, kashi-kashi, kashin ƙarshe sai ranar da Manhyia ta tabbatar da takardar.