Zagayen tarihin daular Sui a Yangzhou: ya ci kuɗinsa, amma jagoran yana da ɓangare

Duk wanda ya je sarin kaya Yiwu ko Shanghai ya samu ranar hutu, ya daure ya leƙa Yangzhou. Na biya wani ƙaramin kamfanin yawon buɗe ido kuɗin zagayen yini guda a kan daular Sui, wata tsohuwar daular ƙasar Sin, da mota da ɗan jagora mai jin Turanci.

Daular ba ta yi tsawon rai ba, daga 581 zuwa 618 ke nan. Sarki Wen ya ƙwace mulki a arewa, ya ci daular Chen ta kudu a 589, ya haɗe ƙasar Sin bayan kusan shekara 300 a rarrabe. Wannan duk a mota jagoran ya zayyana mana a gurguje, don hankalinsa na kan ɗan Sarki Wen, wato Sarki Yang, wanda ya hau gado a 604.

Inda kuɗina ya fita shi ne gidan tarihin babbar hanyar ruwan da Sarki Yang ya sa aka fara haƙawa a 605, ta kai Hangzhou a 610. Akwai wani makeken yankin ƙasa da aka yanko daga tsohon kwarin ruwan aka kafa shi tsaye, kana ganin laka hawa-hawa, kowane zamani da nasa launi. A nan na gane yadda shinkafar kudu ta riƙa ciyar da arewa. Daular Tang da ta biyo baya ita ta ci moriyar aikin, kuma malamanta ne suka rubuta tarihin da ya zagi mai haƙar. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

To amma jagoran ya wuce gona da iri wajen wanke sarkin. Bai ko ambaci aikin tilas wajen haƙar hanyar ruwan ba, kuma sai da na tambaya ya taɓo yaƙin Goguryeo a Koriya, wanda aka kai sau uku daga 612 zuwa 614. A karon farko, cikin mayaƙa 305,000 da suka kutsa ciki, tarihi ya ce wajen 2,700 ne suka dawo. Manoma suka yi ta bore, sarki ya gudo nan Yangzhou, a 618 dakarunsa ƙarƙashin Yuwen Huaji suka shaƙe shi. Ai ba sharrin marubuta ne ya jawo wannan ba.

Kabarinsa, wanda masu aikin gini suka yi karo da shi a 2013, ƙarami ne ƙwarai, haƙora biyu kawai aka samu na jikinsa. An hanzarta mu a wurin, aka kai mu shagon ganyen shayi muka ɓata lokaci. Abincin halal ɗin da suka yi alkawari kuwa babu labarinsa, don haka a tafi da guzuri, a kuma riƙe fasfo saboda shiga gidan tarihin.