Daga Ƙofar Mata zuwa Kurmi a ƙafa, tare da ɗan jagora

A kasuwar Kwari ta Kano nake sayar da yadi. Shekara ashirin ke nan ina wuce Ƙofar Mata, wata rana har sau biyu, amma ban taɓa tsayawa na leƙa karofin rini da ke gefenta ba. 'Yata ce ta jawo wannan tafiya. An ba su aikin gida a kan Sarki Muhammadu Rumfa, ta zo da tambayoyi, na ga gara in kai ta ta gani da idonta. Maƙwabcin shagona ya haɗa ni da wani matashi haifaffen cikin gari da ke zagayawa da baƙi a ƙafa. Muka yi ciniki a waya: naira 5,000 babba, yaro rabin kuɗi, daga Ƙofar Mata zuwa Dala. Mu uku muka je ranar Asabar, ni da ita da kawuna da ya zo daga Maraɗi ganin likitan ido.

Ƙarfe takwas muka yi da shi, kuma mun tarar da shi a bakin ƙofa yana jiranmu. Wannan kaɗai ya sa na fara sakin jiki. Da ya ga Kawu sai ya durƙusa ya gaishe shi, ya tambaye shi ko ƙafarsa za ta iya tafiyar awa uku. Kawu ya ce shi da ya yi noma shekara hamsin ba a yi masa wannan tambayar.

A marina muka fi daɗewa, kuma a nan na san kuɗina bai tafi a banza ba. An rubuta 1498 a bakin wurin, wato ƙarshen zamanin Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499. Ɗan jagoran bai tsaya karanta mana allo ba. Kai tsaye ya nufi wani dattijo da ke zaune a bakin rami, ya ce, "Baba, sannu da aiki, ga baƙi na kawo maka." Dattijon ya nuna mana baba da toka da katsi, ya ce a haɗa su da ruwa a cikin rami a bar su kwanaki har su nuna. Sai ya ɗauki wani farin ƙyalle ya tsoma, ya jujjuya, ya ɗago. Kore ya fito. 'Yata ta ce, "Abba, ai ba shuɗi ba ne." Dattijon ya ce, "Ki dai tsaya, 'yar nan." Muna kallo iska ta buge shi, koren ya riƙa juyewa a gaban idonmu har ya zama shuɗi. Ya sake tsomawa, ya sake ɗagawa, ya ce yawan tsomi ne ke sa launi ya yi duhu. Ni da nake auna yadi kullum ban taɓa sanin haka ba. Hannunsa kuwa har wuyan hannu shuɗi ne, faratansa baƙi ƙirin. Abin da ya taɓa mini zuciya shi ne ramukan da suka bushe, sun fi waɗanda ake aiki a cikinsu yawa. Daga wani ɗaki can gefe ana jin mabuga suna dukan riga a kan gungumen itace, sautin na tashi bi da bi kamar kiɗa. Kawu ya ce rawanin ɗan Kura da mahaifinsa ke naɗawa haka yake sheƙi.

Daga nan muka miƙe yamma, muka wuce Asibitin Murtala zuwa babban Masallacin Juma'a. Wannan ɓangare ba shi da daɗin tafiya: 'yan adaidaita sahu, hayaƙi, ga masu kasa kaya sun cinye gefen titi. Ya sa yarinyar a tsakiyarmu, shi ya tsaya ta ɓangaren motoci. A masallaci bai ja zance ba. Ya ce ginin da muke gani mai koriyar ƙubba da hasumiya biyu na farkon shekarun 1950 ne, zamanin Sarki Abdullahi Bayero, amma masallacin Juma'a a Kano ya girme shi da ɗaruruwan shekaru.

Muka zagaya katangar Gidan Sarki zuwa Ƙofar Kudu. Tun kafin mu isa ya ja mana kunne cewa a nan ba a ɗaga waya a yi hoto sai an nemi izini, kuma gida ne da mutane ke zaune a ciki, ba wurin kallo ba. Ya gaida dogarai, suka amsa masa kamar sun saba da shi. Daga waje muka tsaya. Ya nuna wa 'yata filin da mahaya ke sukuwa su kai jafi ranar Hawan Daushe, ya gaya mata cewa Rumfa ne ya gina gidan, shi ya sa har yau ake ce masa Gidan Rumfa.

Gidan Makama 'yan taku ne daga nan. Shiga zauren ke da wuya sai sanyi ya sauko mana, ba fanka ba komai, ginin ƙasa ne kawai mai kaurin bango da rufin azara. Ya ce a nan Rumfa ya zauna kafin ya hau gadon sarauta, kuma bayan Turawa sun ci Kano a 1903, lokacin Sarki Alu, sun yi amfani da gidan. Tsofaffin ƙyauren ƙofofin gari da ke ajiye a ciki su suka fi tsayar da ni. A gabansu ya ba mu labarin badala, wato ganuwar birni, yadda Sarki Gijimasu ya fara ta, waɗanda suka biyo baya suka riƙa faɗaɗa ta. Ina sauraro ina tuna wuraren da na sani a kan hanyar Kabuga, inda ganuwar ta zama tudun ƙasa kawai, wani wurin ma ba a ganin alamarta. 'Yata ita ɗakin amarya ne ya ɗauke mata hankali, sai da muka kira ta sau biyu.

Ga inda nake da ƙorafi. Bai gaya mana tun a waya cewa kuɗin shiga wurare da ɗan abin da ake ba masu sana'a ba sa cikin cinikinmu ba. Ba yawan kuɗin ne ya dame ni ba, rashin sanarwar ce, domin da ban riƙo canji ba da na ji kunya a gaban dattijon marina. Na biyu, tsarin hanyar. Daga Gidan Makama sai da muka sake komowa arewa kafin mu kama hanyar Kurmi, ga rana ta fara zafi. Da daga Gidan Makama aka fara, da an rage wa tsoho wahala.

Amma komowar ta lunguna ya bi da mu, kuma gaskiya ba zan iya bin su ni kaɗai ba. Lungu ya ƙuntata har sai mun jera ɗaya bayan ɗaya, kwata na bi ta tsakiya. Ga makarantar allo a wani zaure, ga masu ɗinkin hula a wani. Duk inda muka tarar da majalisa sai ya yi sallama, a tambaye shi mutanen gida, a yi wa Kawu maraba. Ya tsayar da mu a ƙofar wani tsohon gida ya nuna mana dagi da aka zana a jikin bango da zankwaye a saman soro, ga gidan bulo mai hawa biyu manne da shi.

Sha ɗaya da rabi muka shiga Kurmi, kasuwar da ita ma Rumfa ya kafa. Ya ratsa da mu layin dukawa da na masu kayan doki, sirdi da linzami da likkafa a rataye, ya ba mu labarin fataken da ke zuwa daga Gadamas da Tarabulus ta hamada, da masu zuwa Gwanja sayen goro. A nan ya fara sauri, yana duba waya, ashe wasu baƙi na jiransa da azahar. Kurmi ba wurin da ake ratsawa a minti ashirin ba ne. Kawu yana son ya taya wani linzami, bai samu sukuni ba.

Dala ba mu hau ba. Kawu ya gaji, ni ma ban matsa ba. Ba tare da na yi magana ba ɗan jagoran ya mayar mini da naira 2,000, ya ce bai cika alkawari ba. Ya raka mu Jakara muka sayi gurasa, ya tare mana adaidaita.

Zan sake kiransa, kuma duk mai zuwa ina ba shi shawara ya nemi a fara ƙarfe bakwai, ya sa takalmi mai daɗin tafiya, ya riƙe ruwa da canji, ya kauce wa ranar Juma'a, ya kuma tambaye shi tun farko ko yana da wasu baƙi bayansa. Mun yi da shi Asabar ta sama, Dala da Kurmi kawai. 'Yata ta tafi makaranta ranar Litinin da ƙyallen da dattijon ya rina mata, a naɗe cikin littafin aikinta.