Dutsen gugar da na mayar kanti a Birmingham

Yaya, ina gaisuwa da fatan kowa lafiya. Kin ce in aiko miki da kayan wuta daga nan saboda sun fi ƙarko. Kafin ki turo kuɗinki, bari ki ji abin da ya faru da ni.

Dutsen guga na saya a wani babban kanti. Ya yi ta aiki lafiya lau, sai wata safiya ya ƙi ɗaukar zafi, fitilarsa na kamawa amma ƙarfen sanyi ƙalau. Watanni sun wuce da sayensa, kwalin ma na zubar tuni. Har na sallama zan jefar, maƙwabciyata ta ce in mayar wa waɗanda suka sayar mini. Na tafi da shirin faɗa. Tun a cikin bas nake haɗa maganganun da zan yi, na tanadi rantsuwar cewa bai taɓa faɗuwa ba, yara ba su taɓa shi ba. Matar da ke karɓar kayan da aka mayar ta duba rasit a wayata, ta jona dutsen, ta ga ba ya zafi, sai ta ba ni haƙuri. Ita ce ta ba ni haƙuri, Yaya! Ta ɗauko sabo ta miƙo mini. Ba ta yi mini kallon macuciya ba, ba ta ce wutar gidana ce ta ƙona shi ba. Na fito jikina a sanyaye, ina jin wani abu mai kama da kunya a madadinmu duka.

Ba kirkin matar ne kaɗai ba, doka ce ta ɗaure su. Dokar haƙƙin masu sayayya ta 2015 ta ce idan kaya suka fito da aibi cikin kwana 30, mai saye na da ikon mayarwa ya karɓi kuɗinsa cif. Daga nan har zuwa wata shida, ana ɗauka cewa da aibin aka sayar da kayan, sai in mai kanti ya kawo hujjar akasin haka. Dole ya gyara ko ya canza, in gyaran bai yi ba a koma maganar kuɗi. A Ingila ƙofar kai ƙara a buɗe take har shekara shida. Abin da kika saya ta intanet kuwa, yawanci kina da kwana 14 ki ce kin fasa, ko da lafiyarsa ƙalau. Akwai ma wata doka tun 1974 da ta sa kamfanin katin bashi ya ɗauki alhaki tare da mai sayarwa, in kayan sun haura fam 100 kuma ba su wuce fam 30,000 ba.

To ki juya gindin dutsen nan ki karanta, a Sin aka yi shi, kamar kaya da yawa da ke kantunan nan. Sun lalace mini ba sau ɗaya ba: butar dafa ruwa, caja, takalmin yaro da ya ɓare kafin a gama zangon karatu. Abin da ya bambanta shi ne cinikin nan ba ya ƙarewa a bakin ƙofar kanti, mai sayarwa yana nan ɗaure da kayansa.

Kada ki ɗauka aljanna ce. In matsalar ta kai ga buga waya, kin shiga uku. Na'ura ce za ta yi ta ce miki danna ɗaya, danna biyu, ta sa miki kiɗa ki yi ta jira, kafin ki samu ɗan Adam ranki ya gama ɓaci. A kantuna da yawa ke za ki lissafa wa kanki kaya a inji, in ya rikice ya hau ƙara mutane na kallonki, ledar zuba kayan ma sai kin saya. Kwali ya ƙanƙance amma kuɗin na nan yadda yake. Abin da ya fi ci mini rai shi ne rashin masu gyara. Kuɗin da mai gyara zai caje ki don ya leƙa kawai yakan fi kuɗin sabo, shi ya sa ake zubar da kayan da waya ɗaya ce ta tsinke a cikinsu. Sai a 2021 aka tilasta wa kamfanoni su riƙa tanadar kayan gyaran irin su firiji, talabijin da injin wanki. Wallahi nakan tuna masu gyaranmu, mutum ya buɗe abu ya gano cutarsa nan take, kuna gaisawa yana tambayar mutanen gida. Wannan kam babu shi a nan, kuma ina kewarsa ƙwarai.

Amma mu ma mu ji tsoron Allah. Mai kaya ya rantse miki cewa na asali ne, gobe ki dawo da shi ya murtuke fuska kamar bai taɓa ganinki ba, ya nuna miki inda aka rubuta cewa abin da ya fita ba ya dawowa. Mu masu saye kuma muna da namu laifin. Ba ma neman rasit, in an ba mu ma mu yar a hanya. Abu ya lalace mu ce ƙaddara ce, mu ji nauyin komawa don kada a ce mun cika ƙorafi. Ina ruwan ƙaddara da mutumin da ya san kayansa jabu ne ya sayar? Alhali Najeriya ma tana da dokar kare masu sayayya ta 2018, da hukumar FCCPC da ke karɓar koke, kuma dokar ta ba mutum ikon mayar da kaya masu aibi. Mutum nawa kika sani da suka taɓa kai kuka can?

Saboda haka, Yaya, zan aiko miki in kin nace, amma ki sani in abin ya mutu a hannunki, kuɗin dawo da shi nan zai iya fin kuɗin sayensa. Na fi son ki saya a inda ƙafarki za ta iya komawa, ki sa a rubuta miki rasit da ranar saye da sharaɗin canji, ki ɗauki hotonsa a waya kafin ki bar wurin. Ki gaida mini Inna da yara.