Jakar goyo mai giram 680 bayan shekara guda a hannun mazaunin Agege

Shekara guda ke nan da wani ƙanena da ke karatu a Ingila ya aiko mini da jakar goyo irin wadda masu yawon duwatsu na Turai da Amurka suke yayi, wadda babban abin alfaharin masu ɗinka ta shi ne rashin nauyi. Ranar da ta iso na kai ta wurin wani maƙwabcina mai sayar da kayan miya a Agege, muka ɗora ta a kan sikelinsa, ta tsaya a giram 680, alhali tsohuwar jakata ta gwanjo, wadda na saya a kasuwar Katangua, ta haura kilo biyu ko da babu komai a cikinta. Tun daga lokacin na yi tafiya huɗu da ita tare da abokan yawona, kuma abin da na gani ya isa in yi bayani ga duk wanda yake tunanin zuba kuɗinsa a kan irinta.

Jakar tana ɗaukar lita 40. Ba ta da sandunan ƙarfen nan da ake sakawa a bayan manyan jakunkuna don su tsaya ƙyam, ba ta da murfi, sai dai a naɗe bakinta a ɗaure, kuma ɗamarar ƙugunta siririyar igiya ce marar soso. An ɗinka jikinta da yadin nailan mai awon deniya 100. Wannan awo shi ne mabuɗin fahimtar dukan cinikin, domin deniya na nufin nauyin zare mai tsawon mita 9,000 idan aka auna shi da giram, saboda haka duk yadda lambar ta yi ƙasa, haka zaren yake ƙara sirancewa. Jakunkuna irin na soja sukan zo da deniya 500 ko 1,000. Ke nan wanda ya ɗinka tawa bai yi wani siddabaru ba, rage kaurin yadi ya yi, ya kuma cire duk abin da ya ga za a iya rayuwa ba tare da shi ba.

Wannan salon yana da asali. Wani Ba'amurke mai hawan duwatsu, Ray Jardine, shi ne ya yi fice wajen yaɗa shi a shekarun 1990, bayan ya taka doguwar hanyar ƙafa da ake kira Pacific Crest Trail, wadda ta tashi daga iyakar Meziko zuwa ta Kanada, kimanin kilomita 4,265. Ma'aunin da mabiya salon suka fi amfani da shi shi ne kada kayan mutum, ban da ruwa da abinci da makamashin girki, su wuce kimanin kilo huɗu da rabi. Mutumin da zai yi wata biyar yana tafiya a kan sharariyar hanya yana da hujjar ƙirga kowane giram. Tambayar ita ce ko hujjar tasa ta shafi wanda zai tashi daga Legas ranar Juma'a ya dawo ranar Lahadi.

Zan fara da yabo, domin ta cancanta. A Idanre ta Jihar Ondo, inda sai an taka matakala fiye da 600 kafin a kai tsohon garin da ke kan dutse, na ɗauki kayan da ba su wuce kilo bakwai ba har da ruwa, kuma a karon farko na kai sama ba tare da kafaɗuna sun yi tsami ba. Da yake babu ƙarfe a bayanta, jakar tana bin jiki duk inda aka karkata, abin da ya yi mini amfani ƙwarai a Erin Ijesha ta Jihar Osun, inda ruwa ke zubowa daga kan dutse mataki bakwai, kuma hawansu yake buƙatar kama saiwoyin itace da hannu biyu. Ruwan sama bai ratsa ta ba a watannin farko.

Amma wannan daɗin yana da iyaka, kuma iyakar ruwan sha ne. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, kuma a zafin kudu mai sa gumi ya jiƙa riga tun kafin hantsi, ba na yarda in shiga daji da ƙasa da lita huɗu. Ranar da kayana suka kai kilo goma sha ɗaya a dajin Omo na Jihar Ogun, jakar ta lanƙwashe kamar buhun da aka cika rabi, nauyin duka ya taru a kafaɗa saboda igiyar ƙugun ba ta da abin da za ta tallafa da shi. Tsohuwar jakar gwanjon, duk da kilo biyunta, ta fi sauƙin ɗauka a irin wannan lodi, tun da tana sauke nauyin a kan ƙugu. Abin da sikeli ya nuna daban, abin da gadon baya ya ji daban.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne cewa ba dutse ne ya fara cin jakar ba, mota ce. A tashar Ojota yaron mota ya karɓe ta daga hannuna ya cusa ta a but tsakanin buhun gari da wani injin janareta, ya danna ƙofar ya ɗaure da igiya, kamar yadda yake yi wa kayan kowa. Da muka sauka na tarar ƙarfen janaretan ya goge gindinta har ya yi huji kamar girman kwabo, ragar aljihun gefe kuma ta yage. Ban ga laifin yaron ba, kuma tun daga ranar a kan cinyata nake riƙe ta. Laifin da na gani na maɗinkinta ne, wanda ya yi gindin jakar da yadi iri ɗaya da na jikinta, alhali ƙara wani yanki mai kauri a wurin ba zai ɗora fiye da 'yan giram ba.

Na kai ta wurin wani dattijo shumeka da ke zama kusa da masallacin unguwarmu. Ya murza yadin tsakanin yatsunsa ya ce, "Malam, wannan ai leda ce, idan na sa basilla ta za ta ƙara yagewa." A ƙarshe sai da ya nemo ƙaramar allura, ya yanko faci daga wata tsohuwar jakar makaranta, ya liƙa da gam sannan ya bi gefe da ɗinki a hankali. Facin ya riƙe har yau, kuma shi ne wuri mafi ƙarfi a jakar. Wannan batu na gyara ya sa ban yi baƙin cikin rashin samun jaka mai yadin da ake kira Dyneema ba, wanda ya fi tsada nesa ba kusa ba. Zarensa yana da ƙarfin ja na ban mamaki, kuma asalin yadin an ƙirƙiro shi ne don ɗaura wa jiragen ruwa na tsere domin iska ta tura su, amma da yake zare ne da aka manne tsakanin siraran ledoji, gogayya da dutse tana cin sa, kuma ba da allura ake gyara shi ba, sai da tef na musamman da ba a samu a kowane lungu.

Sai kuma laimar Legas, wadda ba ta raga wa komai. Cikin jakar an shafe shi da wani sinadari mai hana ruwa shiga, irin wanda danshi yake lalatawa sannu a hankali. Bayan damina ɗaya a cikin kabad, na buɗe ta na ji warin fumfuna, shafin ya fara danƙo yana ɓarewa a wajen naɗin bakin. Yanzu sai na saka babbar leda a ciki kafin in zuba tufafi, kuma a jikin ƙusa nake rataye ta inda iska take kaɗawa.

Wanda yake da mota tasa, kayansa ba sa wuce kilo takwas, kuma yana da halin sake saye bayan shekara biyu ko uku, zai ji daɗin wannan jakar. Wanda yake bin motar haya irina, gara ya nemi mai deniya 210 zuwa 420, mai ƙarfafaffen gindi da ɗamarar ƙugu ta gaske, ko da za ta kai kilo ɗaya da ɗoriya, ya nemi rage nauyi a wasu wuraren da ba sa shan gogayya, kamar maye tukunyar ƙarfe da ta alminiyam da barin tufafin da ba zai sa ba a gida. A tafiyarmu ta gaba zuwa Ado-Awaye ta Jihar Oyo, wadda yini ɗaya ce, sabuwar zan goya. Ta gwanjon kuwa na kai ta an canza mata zif, domin ita na ware wa tafiyar gandun dajin Gashaka Gumti da muke shiryawa idan hunturu ya kama.