Samsung T7 a situdiyon kiɗa: ya dace da samfuran sauti, amma sai an gyara masa zama

Duk mai haɗa kiɗa da FL Studio ko Cubase ya san ranar da faifan C yake yin ja. Kontakt, manhajar da ke kunna samfuran sauti, wato sautukan kayan kiɗa da aka naɗa aka ajiye, ya ci rabonsa, Omnisphere, wata manhajar sautuka, shi kaɗai ya kwashe wajen gigabait 64, ga muryoyin mawaƙa jibge a kan Desktop. Daga nan ake fara neman faifai na biyu, kuma ga mai laftof da ba shi da gurbin ƙara wani a ciki, Samsung T7 na cikin waɗanda suka cancanci a duba.

SSD ne na waje, wato faifan ajiya da ba abin da ke juyawa a cikinsa, bai cika tafin hannu ba, nauyinsa giram 58, jikinsa na alminiyom. Ya fito a 2020. Kamfanin ya ce yana karanta megabait 1,050 a daƙiƙa, yana rubuta 1,000, amma wannan sai a kafar USB 3.2 Gen 2. A kafar USB 3.0 mai shuɗin baki zai tsaya wajen 400 da 'yan kai, a USB 2.0 kuwa da ƙyar ya kai 40. Wayoyi biyu ne a kwalinsa, C zuwa C da C zuwa A. A riƙe su da kyau, domin yawancin wayoyin caja na salula gudun USB 2.0 suke yi, ko da bakinsu iri ɗaya ne.

Ɗaukar murya ba ta buƙatar wannan gudun ko kaɗan. Layi ɗaya na sauti a 24-bit da 48kHz yana cin kilobait 144 a daƙiƙa, wato layi 100 ba su kai megabait 15 ba. Ko tsohon HDD, wato faifai mai juyawa da ake karantawa da allura, zai iya. Inda HDD ke gazawa shi ne samfuran sauti: idan aka danna maɓallai shida na fiyano a Kontakt, ga goge da ganguna suna tafiya, kwamfuta na neman ƙananan fayiloli barkatai a lokaci guda. Allurar HDD sai ta yi tafiya zuwa kowane wuri, kusan miliseƙan 10 kowace nema, sai a ji sauti yana tsinkewa ko ƙaras-ƙaras. T7 ba shi da allura, kuma a nan ne kuɗinsa yake fita.

Saboda haka rabon da ya fi dacewa shi ne: faifan cikin kwamfuta ya riƙe Windows, manhajar kiɗa, fulogin (ƙananan manhajojin da ke aiki a cikinta) da kuma aikin da ake kai yanzu. T7 ya riƙe samfura kawai. Faifai na uku, HDD mai terabait 2 ko 4, ya zama rumbun kwafi, a jona shi lokacin kwafa da manhajar FreeFileSync, a cire a ajiye a durowa. Raba faifai ɗaya gida biyu, C da D, ba ya cikin lissafi. Idan ya mutu, duka gidajen sun tafi tare.

Yanzu ga inda T7 ke cizon wanda ya ciro shi daga kwali ya fara aiki kai tsaye. Yana zuwa da tsarin jera fayiloli na exFAT don ya yi aiki a Windows da Mac duka. Matsalar exFAT ita ce ba ya riƙe bayanin abin da yake cikin rubutawa, don haka idan aka ɗauke wuta ko waya ta goce ana tsakiyar ajiya, folda guda na iya ɓacewa ko faifan ya ce sai an yi masa fomat. A garin da ake ɗauke wuta ba sallama, kuma kwamfutar tebur ce ba UPS, wannan ba ƙaramin haɗari ba ne. Kafin a zuba komai, a mayar da shi NTFS idan Windows ne, APFS idan Mac ne. Sai dai a sani, Mac yana karanta NTFS amma ba ya rubutu a kai.

Matsala ta biyu ita ce harafin da Windows ke ba faifai. Yau Windows ya ba shi E, gobe wani mawaƙi ya riga shi soka filas, sai ya koma F, Kontakt ya buɗe yana cewa bai ga samfura ba. A shiga Disk Management a ba shi harafi mai nisa, kamar S, tun ranar farko. Bayan nan a nuna wa Native Access, manhajar da ke kula da laburaren Kontakt, sabon wurin, a FL Studio kuma a ƙara foldar a Browser extra search folders da ke ƙarƙashin File settings. Foldar STEAM, inda Omnisphere ke ajiye sautukansa, ita ma ana iya mayar da ita can. Wanda RAM ɗinsa gigabait 8 ne kacal zai ji daɗin rage preload na Kontakt, wato farkon kowane samfuri da yake ɗorawa a RAM, daga kilobait 60 zuwa wajen 30, tunda faifan na iya kawo sauran a kan lokaci. A cikin Kontakt, a yi wa manyan laburaren samfura Batch resave sau ɗaya, lodinsu zai ragu sosai.

T7 yana da nasa aibin. In ana zuba masa ɗaruruwan gigabait a zama ɗaya, gudun rubutu yana faɗuwa bayan ɗan lokaci, jikinsa kuma ya ɗau zafi, balle a ɗakin da ba fanka a watan Afrilu. Karatu bai cika shafuwa ba, kuma shi ne aikinsa na kullum. Wayar ma gajera ce, sai ya riƙa lilo a gefen tebur. Kada a haɗa shi da na'urar sauti a kan hub ɗaya, wato na'urar da ke raba kafar USB gida-gida, kowa ya samu kafarsa. A kashe USB selective suspend a Power Options, in ba haka ba Windows kan sa shi barci ana tsakiyar aiki.

Mai terabait 1 zai nuna gigabait 931, wannan daidai ne, ba cuta ba. A bar masa kamar kashi 15 cikin 100 babu komai. Jabu kuwa suna yawo a kasuwa, harsashi mai kama da na asali amma filas ne a ciki. A gwada da CrystalDiskMark, manhajar auna gudun faifai, a gaban mai shago: idan a kafa mai kyau da wayarsa ta asali bai haura megabait 100 a daƙiƙa ba, a mayar masa da kayansa.